Daren da Ba Abin da Ya Faru

Tun la'asar na zaga gidan sau uku,
ni Arzika, mai riƙon littafin ƙofa
a kulob ɗinmu na bayan Gawon Nama,
inda tsofaffin ma'aikata ke kashe zafin yamma
da dara da shayi da gardamar fansho.
Yau walimar shekara ce.

Na ɗaga jan tulun kashe gobara,
na ji nauyinsa, na mayar.
Wayar da ɓera ya ci a bayan firji
na sa an naɗe.
Tukunyar gas na ce a kai gindin dogonyaro,
nesa da wutar mai tsire.
Modi ya yi tsaki, amma ya ɗauka.

Bayan isha'i suka fara zuwa,
shadda na kuka, turare na gaba da mai shi.
Kowa da katinsa, baƙo da sunan wanda ya kawo shi.
Wanda ya kawo kare, shi ke riƙe igiya,
haka na gaya wa Injiniya Dikko,
ya yi dariya, ya sa hannu sau biyu.

Sai Alhaji Jabbi, lamba ta uku a rajista,
ya kawo baƙar motarsa ya toshe ƙofar baya,
ƙofar da ba a buɗewa sai ran gudu.
Na ce, ranka ya daɗe, a matsa kaɗan.
Ya ce, "Mi kac ce?
Ni nis sayo injin ga da ka ba ku wuta.
Kujerun ga da kuɗɗina anka saye su!"
Na ce gaskiya ne.
Amma hayaƙi bai iya karatun rasiɗi ba.
Ya jefo mini makulli kamar mai jifar akuya.
Na tsince shi a ƙasa. Motar ta matsa.

Can dare ya yi nisa, an ci, an sha zoɓo,
ana rabon kyautar gwanin dara,
na hango Kuluwa, yarinyar da ke raba lemo,
tire a hannun hagu,
na dama a cikin hannun wani.
Baƙo ne, mai hula zanna, yana murmushi,
ita kuwa ta kafe ido a kan siminti.
Teburin duka ya gani.
Teburin duka ya koma kallon faranti.

Ban ɗaga murya ba.
Na je na tsaya inda inuwata ta faɗi kan naman gabansa,
na ce, malam, ana sallama da kai a waje.
Waje ne kawai ke sallama da shi.
Na kira masa mai keke, na karanta lambar,
na rubuta.
Hajiya Inno, sakatariya, ta ja Kuluwa ofis,
ta ba ta ruwa da kujera,
ta ce faɗi yadda aka yi, ba mai katse ki.

Na duba littafi in ga wa ya kawo shi.
Lamba ta uku.

Allon dokoki na nan jikin bango,
rana ta cinye rabin tawadarsa,
ta bakwai ce kawai ke fita sosai:
laifin baƙo na wuyan mai masauki.
Wata uku ba shiga.
Hannuna ya yi rawa, biro bai yi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ƙirga masu fita,
saba'in da huɗu suka shiga,
saba'in da huɗu suka koma gida da ƙafafunsu.
Gobe a Mabera za a ce walima ta yi daɗi,
ba abin da ya faru.
Ba mai tafa wa irin wannan dare.

Na kashe inji. Sauro ya karɓi fili.
Ƙanen Kuluwa ya zo da babur,
ta hau, ta waiwayo, ba ta ce komai ba.
Na tsaya har jar fitilar ta sha kwana,
sannan na ja ƙofa.