Tofin Tsohuwa

Motar babana ce, ta girme ni da shekara shida.
A nan kudancin Chile, inda kwalta ke gajiya ta bar wa tsakuwa hanya,
ita ke kai ni wurin tumaki masu zawo da shanu masu naƙuda.
Tana hawa tudu kamar akuya,
tana keta rafi, ruwa iya ƙugu, ko tari ba ta yi.
Amma ka ce ta wanke fuskarta:
tofi biyu, irin na marar haƙori,
ɗaya ya faɗi kan bonet, ɗaya iska ta ɗauke.

Ranar Laraba, gab da gadar Mañihuales,
motar katako ta wuce, ta yarfa mini taɓo.
Na danna. Ta yi kukan sauro.
Waifa ta baza lakar kamar mai yaɓen ɗaki,
na makance ina gudun sittin.
Da na tsaya, na leƙo ta taga,
ga doki taku uku daga fitilata,
yana tauna, ko a jikinsa.

Lahadi na kira Evaristo Millacura,
maƙwabci mai hannu kamar saiwar itace.
Ya zo da shayin ganyensa a ƙoƙo, da tsinken ƙarfe na zuƙa,
ya ce, "Ximena, kafin ki zargi rijiya, duba guga."

Muka fara da allura. Hancin feshin nan biyu
sun toshe da farin gishirin shekaru.
Muka ciro tanki: gansakuka kore shar,
gawar ƙwaro, da wani maɓallin riga.
Tiyo ya bushe, yana karyewa kamar ɗanyar taliya,
kuma a tsakiya, inda ya taɓa tsagewa,
babana ya haɗe shi da bututun biro,
ya ɗaure da zaren kamun kifi, ƙulli uku.
Na san ƙullin. Da shi yake ɗaure mini takalmi.
Na daɗe ina juya shi a tafin hannu.
Evaristo ya ba ni baya, wai yana neman sufana.

Sabon tiyo, kamu shida. Ɗan ƙaramin bawul
don kada ruwa ya koma gida bayan kowace dannawa.
Muka gwada. Tofi uku.
An dai samu ci gaba.

"Wuta ce," in ji shi. Ya sa ma'auni:
goma sha biyu ke barin batir,
takwas ke isa, sauran sun salwanta a hanya
cikin tsohon makunni da wayar da tsatsa ta cinye.
Na kankare ƙarfe har ya yi ƙyalli,
muka ja waya mai kauri kai tsaye, da fis, da rile,
muka ɗaura famfon wata motar asibiti
da ta mutu a Coyhaique tun bara waccan.

Na shiga. Na danna.
Ruwa ya tashi, ya tsallake gilashi, ya tsallake rufi,
ya sauka a ƙeyar Evaristo da cikin ƙoƙonsa.
Ya kurɓa, ya yamutse fuska,
ya ce sabulun ya ɗan yi yawa.

Allura ta sake shiga, muka sunkuyar da hancin
kaɗan, kaɗan, muka bar wa iska rabonta.
Muka zuba maganin ƙanƙara, don Yuni na tafe,
sanyin nan kuwa ba ya sallama.

Yanzu motar katako ta yarfo abin da ta ga dama.
Dannawa ɗaya, dutse ya dawo da farar hularsa,
kogi ya dawo, da shingen waya, da doki.
Bututun biron na rataye a madubi,
yana kaɗawa a kowane rami.
Wani lokaci, idan na kalle shi,
sai hanya ta sake yin dishi-dishi,
wannan kuwa ba shi da makunni.
Nakan rage gudu, shi ke nan.