Kujera Ta Tara

Mu goma sha biyar aka zaunar a kotun Aberdeen,
garin dutse mai launin toka.
Ni ce a kujera ta tara,
hannuna bai rabu da ƙarnin kifi ba
ko da na wanke shi sau uku kafin in fito.

Aka kira Struan Mearns.
Shekara ashirin da shida, koriyar rigar sanyi.
Bai dubi alƙali ba, bai dube mu ba,
idonsa na kan fitilar da ke ƙyaftawa a rufi,
yatsunsa na ƙirga wani abu a gwiwa.
Na kusa da ni, direban tankar mai, ya raɗa mini:
"Mai gaskiya ba ya ɓoye ido."
Na gyaɗa kai.
Har yau gyaɗawar nan tana mini nauyi a wuya.

Lauyan gwamnati ya gyara hular gashinsa:
"Za ka iya faɗa mana abin da ya faru a tashar jirgin ruwa?"
"Zan iya," in ji Struan.
Ya yi shiru.
Ɗaki ya kwashe da dariya,
shi kuwa yana jiran tambaya ta gaba.

Ga yadda aka yi:
jirgin Shetland ya makara minti arba'in,
jiniya ta ɓarke,
ya toshe kunne yana jijjiga a bakin matakala.
Mai gadi, Dougal Rennie, ya dafa shi ta baya.
Hannu ya fita tun tunani bai sa takalmi ba.
Matakala goma sha huɗu.
Struan ne ya ba da adadin.

Dougal ya shigo yana dogara sanda,
ƙugu an ɗaure da ƙarfe,
ya gama hawan tudu da jikarsa ke nan.
Matarsa Morag ta riƙe masa hula.
Aikinsa ya yi, bawan Allah.
Ƙashi bai san sunan larurar wanda ya karya shi ba.

Likita ta zo da takarda shafi talatin.
Ta ce otizim.
Ta ce taɓawar bazata a jikinsa
kamar a watsa wa mai barci tafasasshen ruwa ne.
Lauya ya ce, amma ya san duka duka ne?
Ta ce da safe ya sani, da yamma ya sani,
daƙiƙa biyun nan ne ba zan rantse a kansu ba.

"Ka yi nadama?"
"Ban so ya faɗi ba.
Shi ma bai kamata ya taɓa ni ba."
Uwarsa ta kifa fuska a tafin hannu.
Da ya iya ƙarya ko cikin cokali,
da ya fi samun sauƙi a wurinmu.

A ɗakin shawara shayi ya huce a kofi.
Direba ya ce in an buɗe ƙofar nan
kowa zai nemo takardar likita.
Wata malamar makaranta ta ce
takalmi ɗaya ba ya shiga kowace ƙafa.
Wani tsoho ya ce, to Dougal fa? Wa zai mayar masa da ƙugu?
Ni sikelina na kasuwa nake tunani:
in teburi ya karkata,
allura ba ta yi ƙarya ba,
amma an cuci wani.

Na ɗaga hannu.
Wane ɓangare, doka ta hana ni faɗa.

A waje ruwa yana sauka a karkace.
Dougal na jingine da bango, Morag na neman tasi.
Struan yana karanta jadawalin bas,
bai juyo ba, ya ɗaga murya ga uwarsa:
"Gaya masa ya jira lamba sha bakwai.
Ba ta da matakala."