Mudun Nesa

Ran Talata kwalekwalen Ceferino ya kawo akwatin,
an naɗe shi da leda, an buga masa hatimin Lima.
Na ɗora shi a tebur, gefen butar shayi,
yara ashirin da uku suka yi tsit
kamar abin da ke ciki yana numfashi.

An ce da shi za a auna mu,
mu da 'ya'yan Koriya, mu da na ƙasashen ƙanƙara,
mudu guda ga kowa,
ko shinkafa ka noma ko dankali.

Tambaya ta huɗu: jirgin ƙasa ya bar tasha da bakwai,
yaushe zai isa in ya tsaya sau uku?
Wilber ya ciji fensir har ya ji ɗacin katako.
Wilber da ke duban launin Titicaca da asuba
ya gaya wa ubansa kada ya jefa taru yau,
kuma kafin azahar iska ta gaskata shi.
Wilber mai kiran dankali arba'in, kowanne da sunansa,
da yaren Aymara, ba ya haɗa biyu.
Ya bar layin fari fat.

Wata tara muka jira.
Sai rediyo ta faɗa, tsakanin labarin ƙwallo da farashin ulu,
cewa muna can wajen gindin jeri.
Na kashe ta. Na zagi mudun, na zagi mai riƙe da shi.
Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo,
wa ya aiko su su ƙirga mana ɗigon?

Da daren nan aka buga mini ƙofa.
Nélida ce, ɗaliba ta shekara shida,
da kwalbar maganin kakarta a cikin mayafi.
Ta karanta mini rubutun tsaf, harafi bayan harafi,
muryarta garau kamar yadda na koya mata,
sannan ta ɗago ido:
"Malama, to nawa zan ba ta?"

Rubutun ya ce rabin cokali, safe da yamma.
Ta furta kowace kalma daidai.
Ko ɗaya ba ta shiga ba.

Na raka ta gida da fitila.
A hanyar dawowa sanyi ya kama mini kunne,
na tsaya bakin ruwa ina lissafin shekaru
da na yi ina tara muryoyi masu daɗi
ina kiransu karatu.

Har gobe ban yarda mudun nan ya san Wilber ba.
Bai taɓa jin warin taru ba, bai iya sunan iska ba.
Amma baƙon da bai san gidanka ba
yana iya hango tsagar bango daga hanya.

Akwatin na nan, ban mayar ba.
Na cika shi da kwalaben magani, buhun taki,
takardar bashin banki, tikitin jirgin Puno.
Kowace safiya yaro ya zura hannu ya ciro ɗaya,
ya karanta, sannan in tambaye shi:
to, me aka ce ka yi?

Jiya Nélida ta ciro buhun taki.
Ta daɗe a kansa, leɓɓanta na motsi.
Ta ce, "Malama, baba yana zuba ninki biyu."
Ta nemi izini, ta fita da gudu,
ko hularta ba ta ɗauka ba.