Kabad ɗin Likitan Haƙori

Ran Laraba motar dillali ke tsayawa ƙofar garejinmu,
fara sol, duk da ƙanƙarar Toledo.
Matakala uku, ka shiga ɗumi,
sufanu rataye har rufi suna kashe maka ido,
Gaylord na murmushi, littafin bashi a hammata.

"Dala hamsin kacal duk mako, ba za ka ma ji ba."
Cordell ya ji.
Shekara huɗu ke nan yana ji.
Jan akwatinsa ya ɗara firjin gidanmu tsawo,
ya ɗara motar da yake hawa tsada,
durowa goma sha tara,
takwas daga ciki iska ke haya.

Ni kuwa watana uku da fara aiki,
dala ɗari huɗu da sittin cikin gwangwanin kofi,
sai ɗiya mai shekara biyar
da ƙafarta ba ta jiran albashi.

Tsoho Delbert, mai yatsa tara da rabi,
ya gan ni ina leƙen motar.
Bai ɗago daga birkin da yake kwancewa ba, ya ce,
"Odalys, akwati bai taɓa kwance noti ba.
Abin da kika ara sau uku, je ki sayi naki,
kayan aro ba ya rufe katara.
Fara da mai araha.
Wanda ya karye a hannunki, shi ne ya gaya miki
aikinsa ya yi yawa, sai ki sayo babban yayansa.
Amma ƙarfen da zai tokare mota a saman ƙirjinki,
kada ki yi masa ciniki."

Haka na raba kuɗin kamar naman layya a gidan yawa.
Matokara biyu, sababbi, na biya ban kalli baya ba.
Sufanar awon ɗauri, ita ma sabuwa,
don kan inji ba ya yafe wa mai kintace.
Filaya da guduma daga shagon jingina,
da sunan wani Lamar sassaƙe a ƙota,
ban san shi ba, ina yi masa fatan alheri.
Sukundireba shida a kwali, biyu sun lanƙwashe kafin Juma'a.
Gishirin da ake zuba wa titi yana cin ƙarƙashin motoci,
kowane noti a garin nan sai an roƙe shi da mai da wuta.

Sauran dala talatin da biyar, babu wurin ajiya.

Wata Asabar aka yi gwanjon kayan wani likitan haƙori da ya rasu.
Can bayan kujerar na hango shi,
kabad na ƙarfe, kore-kore, ya kwana biyu a duniya,
durowa siri-siri goma sha ɗaya,
kowace na zamewa shiru kamar tana tsoron tada majinyaci.
Matar marigayin ta ce talatin.
Biyar ɗin na sayi tayoyin tsohon keken kanti.

Na shimfiɗa tabarmar roba, na jera kowa a gurbinsa,
inda maciran haƙori suka kwanta, nan sufanuna suke.
Har yau in na ja durowar sama
ƙanshin kanumfari ke riga na giris fitowa.

Sun yi dariya mako guda.
"Likita, duba min turmi!"
Na bar su, dariya ba ta da kuɗin ruwa.

Jiya Laraba. Cordell ya ɓuya a bayi har motar ta tafi.
Da ya fito ya tsaya gaban kabad ɗina yana sosa ƙeya,
lamba gomarsa ta sake faɗawa cikin wani inji.
Na miƙa masa tawa.
Delbert daga ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura ya ɗaga murya,
"Sau biyu ke nan, yaro. Ina lissafi."