Mai Gulma a Wuyan Hannu

Sun ɗaura min wani abu a wuyan hannu,
kamar agogo, amma ba ya faɗin lokaci.
Rhiannon ta ce ƙidaya ce aikinsa:
sau nawa na ɗaga, sau nawa na miƙa,
sau nawa hannun ya yi niyya ya fasa.
Na ce, to, an samo min magulmaci
wanda ba ya barci.

Shekara ashirin da shida ina kitso a Sheffield,
a wani ɗan shago can gangaren Burngreave.
Kan 'yar Somaliya, kan 'yar Jamaika, kan 'yar gida,
duk sun zauna tsakanin gwiwoyina.
Shuku, kalaba, zane mai ƙananan layi.
Yatsuna sun riga bakina iya Turanci.

Ran wata Laraba da hantsi
ina tsakiyar tsaga, tsinke ya faɗi.
Na sunkuya in ɗauka, hannu ya ce bai san ni ba.
Baki ya karkace, magana ta dame kamar kunu.
Yarinyar da ke gabana, rabin kai a tsefe,
ita ta kira motar asibiti.
Har yau ban san wa ya ƙarasa mata ba.

Likita ya nuna min hoton ƙwaƙwalwata,
ɗan tabo, bai kai ƙwayar gurjiya ba,
a ɓangaren hagu.
Na ce ai dama ce ta shanye.
Ya ce haka jijiyoyin suke, a gicciye.
Ni da na ƙare rayuwa ina gitta gashi
ban san da kitso a cikin kaina aka haife ni ba.

Duk Talata, ko ana ruwa, kuma kullum ana yi,
nakan hau bas zuwa ɗakin bincike.
Akwati biyu, 'yan guntayen katako,
kwashe daga nan, zuba can, minti ɗaya.
Hagu ta yi hamsin da huɗu tana yanga.
Dama ta yi uku, na ukun ma a ƙasa ya ƙare.
Kusa da ni tsoho Oldroyd,
da can maƙerin ƙarfe ne a masana'anta,
hannunsa rawa yake ba kiɗa.
Ya ce, naki ba ya tashi, nawa ba ya zama,
mu haɗa jari mana.
Na yi dariya da rabin bakin da ya rage.

A wata na biyar Rhiannon ta juyo da allon kwamfuta.
Layin kwance yake, kamar sawun tururuwa,
sai can ya yi tsalle, ya yi tsalle.
Ta ce, Tasalla, ƙarfe uku na dare
me kike yi?
Na ce barci.
Ta ce dare goma sha ɗaya a jere?

'Yata Lantana ta kwana a kujera tana gadi.
Da asuba ta ɗago min gezar bargo:
igiya uku, an ɗora wannan kan waccan,
sau biyu da rabi,
sako-sako, kamar aikin ɗan koyo.
Ashe wanda ya yi min yaji da rana
yana satar hanya ya dawo da dare.

Jiya jikata Hansatu ta zauna a ƙasa.
Na shafa man kaɗanya, na tsaga da hagu,
na ce wa dama, bismillah.
Kalaba ɗaya, minti arba'in,
ta karkace kamar hanyar mashayi.
Na ce kawo in tsefe, ta dafe kai ta gudu.
Da ita ta tafi makaranta.

Ran Talata magulmacin zai kai rahoto.
Zai faɗi adadi, zai faɗi sa'a,
Rhiannon za ta rubuta a takardarta.
Ni kuwa na aika a tambayo min
yarinyar nan ta ran Laraba.
Tana bina rabin kai.