Bin Sawu

Kakana a Adar mai bin sawu ne.
Raƙumi ya ɓata da dare, a zo a tashe shi,
ya duƙa bisa rairayi, ya ce:
amale ne, ƙafar hagu na masa ciwo,
wanda ya ja shi gajere ne, kuma a tsorace yake.
Bai taɓa ƙirga sawu ɗaya sau biyu ba.

Ni jikansa ina Katako, a Yamai,
rumfa ta uku bayan masu ƙarfen gini,
ina sayar da famfon da rana ke tuƙawa.
Bara na fara biyan talla a mashigar bincike:
duk wanda ya rubuta famfo a wayarsa,
sunana ne a sama.
Ya taɓa, a cire mini dala ashirin.
Ya saya, bai saya ba, an dai cire.

Ƙarshen wata allo ya ce arba'in da ɗaya sun saya.
Na buɗe littafina mai shuɗin bango,
na bi da yatsa: bakwai.
Na sake bi, ko yatsan ya yi tsalle.
Bakwai.
To, sauran fa? Ko aljanun kogi ne
ke noman rani a ƙarƙashin gada?

Hasiya, ɗiyar ƙanena, ta ƙetaro daga Harobanda
da kwamfuta a jaka, da guntun ƙosai a leda.
Ta zauna bisa kwalin batir.
Sau biyu kuran ya ɗauke kafin la'asar.
Can ta ce: Baba, a bakin ƙofa aka dasa maƙirgin.
Wanda ya leƙo, ya ga farashi, ya ja tsaki ya fita,
an rubuta maka shi mai saye.
Ga wani nan rezo ya yi ta yanke masa,
shi kaɗai ya zama mutum biyar.

Ta tumɓuke shi, ta kai shi ƙurya,
shafin da ke cewa mun gode,
wanda ido ba ya gani sai kuɗi sun sauka.
Kowane ciniki ta ɗaura masa lamba
kamar shaidar wuta a cinyar sa.

Wata ya zagayo, allo ya ce shida.
Littafi ya ce tara.
Da ƙari yake yi, yanzu ya koma ƙwauro.

Ga ɗaya cikin ukun: Malam Alka na Galmi.
Ya taɓa tallar a wayar ɗansa tun da sanyi,
ya yi gum wata biyu,
sai da albasa ta shiga buhu
ya hau mota, ya kwana a tasha,
ya zaro kuɗi daga safa, ya ƙirga mini jaka-jaka,
yana lasar yatsa.
Wane allo ne zai ga wannan?

Hasiya ta sayo layi na dabam,
ba a samun lambarsa sai a jikin tallar.
Ni kuma na ja layi a littafi da jan biro,
kowa ya zo, bayan gaisuwa:
a ina ka samu labarinmu?
Wani ya faɗa, wani ya ce oho,
wata ta ce mijinta ne ya sani.

Nan muka gane kalmar famfo ita kaɗai
masu yoyon banɗaki take kawo mini.
Na daina ciyar da ita.
Famfon rani na bari, da ban ruwan albasa.

Da yamma, kafin yaro ya share gaban rumfa,
nakan tsaya in dubi ƙasa.
Silifa ta taka sawun kufta, tayar amalanke ta bi ta kai.
Da Kaka ne, da ya ce wannan ya saya,
wannan inuwa ya zo sha.
Ni sai na tambaya.