Katakon Kawu Hilarion

A filin gishirin Uyuni taya ta sace,
rana tsaka, fari fat iyakar gani.
Na zaro jak jiki na rawa.
Kawu Hilarion ya ce, "Nemesia, tukuna.
Gishirin nan ɓawo ne, ƙasansa laka,
ki ɗora ƙarfe, ya haɗiye."

Ya jawo katakonsa daga bayan kujera,
baƙi ƙirin da man inji, ya girme ni.
Shi ya fara kwanciya, sannan jak ya hau.
Birkin hannu, giya ta ɗaya,
waigi gaba da baya.
"Sassauta notuna tun tana ƙasa."

Na danna mariƙin. Ƙas. Ƙas.
"Kau da haɓarki daga saitinsa."
Ya yage leɓe, na ga giɓin haƙora uku.
Mota ta maƙe kafaɗa guda
kamar yaron da aka aika.

Noti ɗaya ya gangara ƙarƙashinta.
Na durƙusa zan bi, ya cafke ƙeyata,
ya tura tayar da muka cire ƙarƙashin ƙarfen,
ya zaƙulo notin da sanda.

Har Colchani bai ce uffan ba.
Hannunsa dai na kakkarwa bisa sitiyari.